Sharhi a Kan Umarnin da Kwamfuta Ke Zartarwa Tun Mai Ita Bai Ce Uffan Ba

Tsakanin sa'ar da mutum ya danna maɓallin kunna kwamfutarsa da sa'ar da ta natsu har ta iya karɓar aiki daga hannunsa, akwai wani ɗan taƙi wanda galibin jama'a suka ɗauke shi jira ne kurum da aka ƙaddara musu, alhali kuwa a cikin wannan taƙin ne na'urar take karanta wani dogon jerin umarni, tana zartar da su, wasu da sanin mai ita, wasu kuwa, waɗanda su ne mafi rinjaye, ba tare da an taɓa neman shawararsa ba. Mas'alar da muke nufin dubawa ita ce yadda ake sarrafa wannan jeri daga cikin saitin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar teburi, ko Windows ce, ko Linux, ko ta kamfanin Apple. Ra'ayinmu kuwa, gara mu bayyana shi tun da wuri, shi ne cewa shafin da aka tanada a cikin saiti domin wannan aiki abu ne mai amfani ƙwarai, amma ba ya faɗin dukkan gaskiya, wanda duk ya dogara gare shi shi kaɗai zai zaci ya ga iyakar abin da ke gudana, alhali wani yanki ne aka nuna masa.

Abin da ake nufi da rubutaccen umarni ba wani abu ne mai zurfi ba. Fayil ne na rubutu zalla, wanda aka jera a cikinsa irin kalmomin da mutum zai buga da hannunsa da a ce yana zaune gaban na'urar, layi bayan layi, aka kuma ajiye shi a wani wuri da babbar manhaja ta san za ta leƙa duk sa'ad da ta tashi. A zamanin MS-DOS, wadda ta fito a 1981, wurin guda ne, sunansa AUTOEXEC.BAT, daga bisani aka ƙara masa ɗan'uwa mai suna CONFIG.SYS, mai kwamfuta kuwa yana iya buɗe su biyun ya karance su tas kafin shayinsa ya huce, ya san tabbas cewa abin da ba ya ciki ba zai tashi ba. Su ma mutanen Unix suna da nasu fayilolin a ƙarƙashin jakar da ake kira /etc, mafi shahara a cikinsu shi ne rc.local, inda mai kula da na'ura yake rubuta abin da yake so a yi a ƙarshen tashi. Wannan zamani yana da wahalarsa, domin harafi ɗaya in ya karkace na'urar tana iya ƙin tashi ɗungurungum, amma yana da wata falala da aka rasa bayansa, watau sanin cewa littafin ɗaya ne kuma yana hannunka.

Kafin a shiga bayanin wuraren da al'amarin ya warwatsu a yau, wajibi ne a fahimci wani bambanci wanda rashin saninsa ne asalin yawancin ruɗanin da ake samu a wannan babi. Tashi iri biyu ne. Akwai tashin na'ura kanta, wanda ke faruwa tun kafin a nemi kalmar sirrin kowa, akwai kuma shigar mutum, wadda ke biyo bayan ya bayyana ko shi wane ne. Umarnin da aka rataya ga tashin na'ura yana gudana da cikakken iko, babu fayil ɗin da ya fi ƙarfinsa, amma ba shi da allon da zai nuna kome a kai, bai kuma san takardun kowa ba. Wanda aka rataya ga shigar mutum kuwa yana gudana ne da sunan wannan mutumin, iyakar izininsa ita ce iyakar izinin umarnin, sai dai yana iya buɗe taga, ya taɓa abin da ke cikin jakarsa. Misalinsu kamar mai gadi ne da yaron ɗaki a gidan attajiri: na farko yana riƙe da makullan gida duka, yana buɗe ƙofa tun asuba ko maigida yana nan ko ba ya nan, na biyu kuwa ba ya fara aiki sai maigida ya fito, kuma ba ya shiga inda maigidan bai aike shi ba. Wanda ya ba ɗayansu aikin ɗayan ba shi da wanda zai zarga in aikin bai yiwu ba. A cikin Windows an fayyace wannan rarrabewa tun daga Windows 2000, inda aka kawo tsarin dokokin rukuni da ake buɗewa da gpedit.msc, aka ware wa umarnin tashi da na kashewa gurbinsu a sashen na'ura, aka ware wa na shiga da na fita nasu a sashen mutum. Sai dai wannan ƙofa ba a sanya ta cikin bugun Home da aka yi domin masu amfani a gida ba, ma'aikatu da makarantu ne suka fi cin moriyarta.

To, bari mu tsaya a kan Windows da ɗan tsawo, tun da ita ce ta fi yawa a ofisoshinmu da shagunan buga takardu. Wuri mafi sauƙi shi ne jakar da ake kira Startup, wadda mutum zai isa gare ta in ya danna maɓallin Windows tare da harafin R, ya rubuta shell:startup. Duk abin da aka jefa a ciki zai tashi da shigarsa. Tana da takwara ta jama'a duka, wadda ake buɗewa da shell:common startup. Bayan waɗannan akwai rajista, watau babban kundin da Windows ke tsare saitinta a ciki, inda ake da gurabu masu suna Run, ɗaya na mutum ɗaya, ɗaya na na'ura baki ɗaya, da kuma RunOnce na abin da za a yi sau guda a shafe. Sa'an nan ga Task Scheduler, wanda ke iya tayar da aiki a kan kowane irin sharaɗi, ko da shiga, ko da tashi, ko da cikar wata sa'a. Daga ƙarshe ga ayyukan bayan fage, waɗanda ba su da fuska ko kaɗan. Kamfanin da ya rubuta manhaja shi ke zaɓen ƙofar da ya ga dama a cikin waɗannan, ba kasafai kuwa yake zaɓen wadda mai kwamfuta zai fi saurin gani ba.

Microsoft ta daɗe tana ƙoƙarin tattara wannan warwatsi wuri ɗaya. A Windows 98 ta kawo msconfig. A Windows 8, cikin 2012, ta mayar da jerin zuwa Task Manager. A bugun Windows 10 na watan Afrilu 2018 kuma ta buɗe masa shafi a cikin saiti, ƙarƙashin Apps, inda kowace manhaja take da ɗan makunni a gefenta, a tura shi dama ta tashi, a tura shi hagu ta kwanta. An kuma ƙara wani ma'auni mai kyau, wanda ke nuna nauyin da kowace take ɗora wa tashi: wadda ta ci fiye da daƙiƙa 1 na lokacin ƙwaƙwalwar na'ura, ko ta karanta ko ta rubuta fiye da megabait 3 a faifai, ana lasafta ta mai nauyi, wadda ba ta kai kashi 300 cikin 1000 na daƙiƙa ba, ba ta kuma kai kilobait 300 ba, ana lasafta ta maras nauyi, abin da ke tsakani kuwa matsakaici. Wani abin yabo kuma shi ne cewa kashe makunnin ba ya shafe kome, alama ce kawai Windows ke rubutawa cewa a tsallake wannan suna, saboda haka wanda ya yi nadama yana iya komawa. Amma wannan shafi, duk da kyansa, jakar Startup da guraben Run yake nunawa, tare da manhajojin da suka yi rajistar kansu ta hanyar da Microsoft ta shimfiɗa; abin da ke cikin Task Scheduler da ayyukan bayan fage ba ya ambatonsu. Shi ya sa za ka ga mutum ya kashe kome a saiti, ya sake kunna na'ura, sai ga wata manhaja ta fito tana neman sabunta kanta, ya rasa ta ina ta ɓullo.

Maganin wannan makanta shi ne wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna Autoruns, wadda Mark Russinovich da Bryce Cogswell suka rubuta a Sysinternals, kamfanin da Microsoft ta saya a 2006. Ita tana zaƙulo dukkan ƙofofin, har da waɗanda ba mu ambata ba, ta faɗi sunan wanda ya sa hannu a kan kowane fayil. Wanda ya fara buɗe ta yakan firgita da tsawon jerin, ya kuma kamata ya firgita ɗan kaɗan, domin hannun da bai sani ba yana iya kashe abin da na'ura ba ta tashi sai da shi. Abin da ya fi shi ne ya fara sa ta ɓoye na Microsoft, sa'an nan ya duba ragowar a hankali. Shi dai Russinovich ɗin nan ne ya tona a watan Oktoba na 2005 cewa wasu fayafayen waƙa na kamfanin Sony BMG suna dasa ɓoyayyar manhaja a kwamfutar duk wanda ya saka su, abin da ke nuna cewa shiga ba sallama ba ɗabi'ar ɓarayi kaɗai ba ce.

Wanda yake son sanya nasa umarnin a Windows zai ci karo da wasu tarnaƙi guda uku waɗanda saiti ba ya gargaɗi a kansu. Fayil ɗin PowerShell, watau mai fassara umarni na Windows, in an jefa shi kai tsaye cikin jakar Startup ba zartar da shi ake yi ba, buɗe shi ake yi a matsayin rubutu, sai an yi masa gajeriyar hanya da ke kiran PowerShell ɗin ta miƙa masa sunan fayil, an kuma sassauta dokar da ta hana gudanar da irinsa. Umarnin da ke bukatar ikon shugaban na'ura shi ma ba ya tashi daga wannan jaka, tun daga Windows Vista. Gurbinsa shi ne Task Scheduler, inda ake iya ba shi wannan iko, har a ce masa ya jinkirta na minti ɗaya ko biyu. Na uku ya fi su ɓoyuwa. Tun daga Windows 8 akwai abin da ake kira tashi da sauri, wanda ke sa in ka ce wa na'ura ta mutu, ba mutuwa take yi ta haƙiƙa ba, tana adana zuciyarta ne a faifai ta yi barci, gobe ta ɗauko daga inda ta tsaya. Sakamakon haka, umarnin da aka rataya ga tashin na'ura yana iya ƙin gudana bayan kashewa da kunnawa, amma ya gudana in an zaɓi sake tayarwa. Mutane da yawa sun ɓata yini suna gyaran umarnin da ba shi da aibi saboda wannan.

A ɓangaren Linux kuwa al'amarin ya fi fitowa fili, ko da yake ya fi neman ilmi. Manyan teburanta, irin su KDE da Matthias Ettrich ya assasa a 1996 da GNOME da ya biyo baya a 1997, sun yi ittifaƙi a kan ƙa'ida ɗaya ta freedesktop.org: abin da zai tashi da shigar mutum ana rubuta shi a ƙaramin fayil mai ƙarewa da .desktop, a ajiye a jakar .config/autostart ta mutumin, na kowa da kowa kuma a /etc/xdg/autostart. In mutum yana son hana na jama'a tashi a wajensa, ba ya bukatar taɓa na asali, kwafinsa zai ajiye a tasa jakar ya rubuta Hidden=true, nasa ya rinjayi wancan. Saitin KDE Plasma, a ganinmu, shi ya fi kowa adalci ga rubutaccen umarni, domin a shafinsa na Autostart ya ba shi gurbi da sunansa: ana iya ƙara manhaja, ko umarnin shiga, ko umarnin fita, akwai kuma jakar plasma-workspace/env ta abin da ake so a karanta tun kafin teburin ya miƙe. Sharuɗɗan ingancinsa kaɗan ne, amma ba a yafe ko ɗaya: layin farko ya ambaci mai fassara umarnin bayan alamar #!, a ba fayil ɗin izinin gudana da chmod +x, a kuma rubuta cikakken adireshin kowane abu da aka kira, domin a wannan sa'a na'ura ba lalle ne ta san gajerun sunayen da ka saba kira da su ba.

Game da tashin na'ura kanta a Linux, an yi saɓani mai zafi tsakanin malaman wannan fanni. Tsohon tsari, wanda aka gada daga System V na kamfanin AT&T, yana bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya bisa lambobin da aka sa a gaban sunayensu. A 2010 Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da systemd, wanda ya ce kowane aiki ya bayyana abin da yake jira, sa'an nan a tayar da waɗanda ba su jiran juna a lokaci guda. Daga cikin nau'o'in Linux, Fedora ta karɓe shi a 2011, Debian da Ubuntu a 2015, wasu kuwa daga mutanen Debian suka ƙi, suka ware suka kafa Devuan, hujjarsu ita ce abu ɗaya ya tara iko da yawa. Muna ganin hujjar tana da nauyi, amma ga mai kwamfutar teburi ribar a bayyane take: yana iya cewa kada umarninsa ya gudana sai intanet ta haɗu, wanda shi ne ciwon kan da ya fi damun masu rubuta irin wannan umarni, kuma in ya buga systemd-analyze blame za a jera masa wanda ya fi cin lokaci daga sama zuwa ƙasa.

Na Apple ba ya bukatar dogon zance. Tun daga 2005 launchd ke riƙe da ragamar, yana karanta fayiloli daga jakunkunan LaunchAgents na shigar mutum da LaunchDaemons na tashin na'ura, saiti kuwa ya daɗe yana nuna Login Items kaɗai. Sai a macOS Ventura, cikin 2022, aka fara jera masu aiki a bayan fage a wannan shafi, ana kuma sanar da mutum duk sa'ad da wata manhaja ta ƙara kanta. Wannan sanarwa ita ce abin da ya kamata saura su yi koyi da shi sosai.

Dalilin da ya sa mas'alar ta wuce zancen saurin tashi shi ne cewa duk wata muguwar manhaja, kome wayonta, tana da bukata ɗaya da ba ta iya tsere mata: in an kashe na'ura an kunna, tilas ta sami wanda zai tashe ta. Tsutsar nan ta ILOVEYOU, wadda ta fito daga ƙasar Filifin a watan Mayu na 2000 ta game duniya ta hanyar wasiƙun imel, rubutaccen umarni ce ba wani abu ba, daga cikin abin da take fara yi kuwa har da rubuta sunanta a gurbin Run. Mu ma a nan mun sha ganin 'yar'uwarta a shagunan buga takardu da ɗakunan kwamfuta na makarantu, wadda ke ɓoye takardun da ke cikin filash ta maye gurbinsu da gajerun hanyoyi, ɗalibi ya danna yana zaton aikinsa ne, ita kuwa ta kwafe kanta cikin jakar Startup da rajista. Shi ya sa goge filash ɗin ba ya warkar da kome muddin tushen yana cikin kwamfutar. Da an mayar da shi, sai ta sake kama shi. Microsoft ta toshe tashin kai tsaye daga filash a Windows 7, ta kai gyaran ga XP da Vista a watan Fabrairu na 2011, amma ba ta da ikon hana ɗan Adam danna abin da ya yi kama da nasa.

Saura hukuncin abin da za a bari da abin da za a kashe. Wajibi a bari su ne mai tsaro daga ƙwayoyin cuta, da abin da ke tafiyar da sauti da allo da madannai, da mai adana kwafin takardu in mutum ya dogara gare shi. Akwai waɗanda barinsu halal ne, gwargwadon sana'ar mutum, kamar manhajar saƙonni ga wanda aikinsa ke zuwa ta nan. Mafi yawan jerin kuwa makaruhi ne: masu tashi domin su duba ko an yi sabon bugu, da masu tashi domin in an neme su daga baya su buɗe da sauri, watau suna cin lokacinka kullum domin su rage maka daƙiƙa biyu ran da ka tuna da su. Ga wanda ke aiki da tsohuwar kwamfuta ta hannu, mai faifai mai juyawa da ƙwaƙwalwar gigabait 4, wanda ɗaukewar wuta ke tilasta masa kunnawa sau da yawa a yini, wanda kuma da kuɗinsa yake sayen data, waɗannan ba ƙaramar hasara ba ce, domin wasunsu da sun ji intanet sai su fara sauke kaya ba tare da sallama ba. Ladabin aikin shi ne a kashe, kada a shafe. A kashe kaɗan kaɗan, a sake tayar da na'ura a ga abin da ya canja. Sunan da ba a gane ba a duba inda fayil ɗinsa yake zaune da wanda ya sa masa hannu kafin a yanke masa hukunci, domin baƙon suna ba hujjar laifi ba ne, amma fayil maras sa hannu da ke zaune a jakar wucin gadi abin tuhuma ne. In kuwa aka yi kuskure har na'ura ta rikice, Windows tana da yanayin tsira na Safe Mode da ke tsallake waɗannan gurabu, a Mac kuma riƙe maɓallin Shift lokacin shiga yana hana Login Items tashi.

Shi kuma mai rubuta nasa umarni, muna ba shi shawara ya tara su a jaka ɗaya, ya rataya su ta ƙofa ɗaya, ya rubuta a saman kowanne dalilin yinsa da ranar da aka yi shi, ya sa ya riƙa barin rahoton abin da ya aikata a wani fayil, kada kuma ya taɓa rubuta kalmar sirri a cikinsa, domin rubutu ne da kowa ke iya karantawa. Wannan ya fi zama tilas ga wanda aka ba amanar kwamfutocin ofis ko na makaranta, tun da wata rana zai bar wurin, wanda ya gaje shi kuwa ba shi da abin da zai tambaya sai abin da ya tarar a rubuce. Mai karatu kuma, ko da bai taɓa rubuta layi ɗaya na umarni ba, muna roƙonsa ya buɗe wannan shafi na saitin kwamfutarsa a yau, ya karanta sunayen da ke ciki ɗaya ɗaya, duk wanda bai san wanda ya sa shi ba ya bincika kafin ya bar shi ya sake tashi gobe.